Asusun Tallafinmu Da Masu Neman Digiri Suna Bakin Aiki



An ɗora mana nauyin cewa wani abu game da ilimin jami'a. Mu kuwa da alli muka tsufa, ba mu taɓa koyarwa a jami'a ba, saboda haka za mu tsaya inda ƙafarmu ke taɓa ƙasa, wato asusun tallafin karatu na wannan ƙungiya, da sharaɗin nan da ya ce sai ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci za a taimaka wa. Muna cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka amince da shi. Yau mun zo ne mu roƙi a sake dubansa, domin da a ce da irin wannan sharaɗi aka auna mu, da ba mu zama komai ba.

Mu 'yan zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Shekara biyar muka yi a kwalejin horon malamai, inda aka cusa mana lissafi da Turanci da Hausa da tarihi da labarin ƙasa da aikin gona da sana'ar hannu da kiwon lafiya, duk a kwano ɗaya. A lokacin gani muke an tara mana kaya. Sai da aka tura mu ƙauye muka gane hikimar, domin malam shi ne mai rubuta wasiƙa, shi ne mai auna gona in rigima ta tashi, wani lokaci ma shi ke wanke gyambo. Daga baya aka ce takardarmu ta Gireti Tu ta daina ci, sai NCE. Ga mata, ga 'ya'ya, ga aji na jira, ina za mu? Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ita ta cece mu da karatun ƙarshen mako. Digiri kuma a Zariya muka same shi, a shirin dogon hutu na Jami'ar Ahmadu Bello, muna kwana a ɗakunan da ɗalibai suka bari, damina na zuba, hankali rabi na kan littafi rabi na kan gonar da muka bar wa ƙanne. Mun haura arba'in kafin mu sa rigar digiri.

Ƙofofin yau sun fi namu faɗi. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a 2002. Shi kansa Obasanjo a can ya karɓi digirin digirgir a 2018, yana ɗan shekara 80. Jami'ar Bayero tana da makarantar ci gaba da karatu don ma'aikata, ta Ahmadu Bello kuma tana da cibiyar karatu daga nesa ta intanet. Abin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne tsarin maki. Kowane darasi yana da nauyinsa, digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla maki 120, mai NCE ko difloma mai kyau kuma yakan fara daga aji biyu. In tsarin makarantar ya ba da dama, mai aiki sai ya ɗauki abin da wuyansa zai iya a kowane zango, ya tara sannu a hankali kamar adashi.

Akwai kuma batun haɗa fannoni. A Ingila, jami'ar karatu daga gida da aka kafa a 1969 tana da digirin da ɗalibi ke harhaɗa darussansa da kansa daga sassa daban-daban. Mu ba mu kai nan ba, amma a 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta fito da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Ga kuma darussan zaɓi, waɗanda yaranmu kan ɗauka don sauƙin ci kawai. Wannan asara ce. Ku dubi garin nan: ɗakin shan maganinmu yana buƙatar ma'aikacin lafiya da ya iya lissafin kuɗi da ajiyar kaya, manomanmu suna buƙatar malamin gona da ya san kasuwa. Mai aiki ya fi kowa sanin gurbin da ke cikin iliminsa, domin kullum a ciki yake tuntuɓe.

A nan za mu ɗan taɓa ku, mazauna birni, ku yi haƙuri. Da yawanku kun ƙulla wa 'ya'yanku likita ko lauya ko injiniya tun suna firamare. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, fiye da miliyan ɗaya ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Yaro sai ya shekara uku yana maimaita jarrabawa don kujera ɗaya, alhali da ya kama sana'a ko ƙaramin aiki ya haɗa da karatu, da ya yi nisa. Haka 'ya'yanmu mata da aure ya yanke wa karatu. Ba kowane miji zai bar matarsa ta tare a makaranta ba, amma da yawa za su yarda da Asabar da Lahadi.

Kada a ce mun ɓoye ƙaya. Wannan hanya tana da wuya, kuma mun ga abokan tafiya da yawa da suka ajiye a tsakiya. Mutum ya taso daga aiki a gajiye, ba wuta, ba kuɗin data, jarrabawa kuma a kwamfuta. Akwai fannoni irin su likitanci da ba a koyon su sai an zauna a asibitin koyarwa. Wanda ya gama a shirin wucin gadi ba a tura shi bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi. Ga magidanci wannan ba komai ba ne, tunda wanda ya haura shekara 30 dama an ɗauke masa, amma ɗan shekara goma sha takwas ya kamata ya yi tambaya sosai kafin ya cike fom. Sai kuma 'yan damfara. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. Duk wanda ya ce zai ba ku digiri ba wahala, ku duba sunan makarantarsa a jerin NUC tukuna.

Ga abin da muke roƙo, mai girma shugaba. A goge kalmar cikakken lokaci daga sharaɗin, a ware wani kaso na asusun don ma'aikata da matan aure da masu sana'a. Kada a ba kowa sisi sai ya biya wa kansa zangon farko ya kawo sakamako, kuma a riƙa biya kai tsaye ga makaranta. Kwamiti ya daina tambayar sunan kwas kawai, ya tambayi mai nema wane aiki zai yi da shi. Sannan ɗakin nan na bayan zauren taro, wanda muka cika da karyayyun kujeru, a share shi, a sa masa sola da kwamfutoci ko da biyar ne. NOUN tana buɗe cibiyoyi a garuruwan da al'umma suka tanadi gini da kayan aiki, kuma ba laifi reshenmu na Abuja ya je ya ji sharuɗɗan.

Mun rubuta wannan ƙuduri, yana hannun sakatare. Muna fatan a karanta shi a kaɗa ƙuri'a kafin a tashi cin abinci, domin mun san halin taronmu, da an ci tuwo sai neman mota.