Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Cikin Gida: Jawabi a Taron Iyaye na Sabo

 



An ba mu minti kaɗan mu yi magana a kan wani abu da muka san wasu za su ji shi kamar shiririta, wato haɗa ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a cikin gida, da titinsa da tasharsa da gadarsa, uba da uwa da yara kowa da hannunsa a ciki. Mun ga wasu har sun fara murmushi, wai dattijo da furfura ya zo yana maganar kayan wasan yara. To, a yi mana haƙuri a saurara.

Mu fara da tambaya. Me ya kawo kakanninmu nan Badun? Fatauci ne, kuma tun kafin jirgi suna zuwa da ƙafa da jakuna. Amma abin da ya cika unguwar nan da mutane shi ne dogo. Jirgi ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Ilori a 1908, ya kai Jabba a 1909. Can Arewa kuma aka ja wani layin daga Baro ya shiga Kano a 1911, sannan a 1912 aka haɗe su, mutum ya iya hawa daga Kano ya sauka Ikko. A lokacin babu gada a kan babban reshen Kwara a Jabba, sai a ɗora taragu a kan jirgin ruwa a ƙetare da su, har aka gama gadar a 1916. A wannan shekarar ce kuma aka ware mana Sabo. Shanu suna gangarowa a tarago, huhun goro yana hawa. Wannan shi ne asalin arzikin yawancin gidajen da ke zaune a nan yau.

Yanzu ku je ku tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka haifa a Sabo, wace tasha ke bin Ilori in za a Arewa. Ku tambaye shi mene ne tarago, mene ne huhu, goro nawa ne ƙwarya. Zai dube ku, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya amsa muku da Yarabanci ko Turanci. Ba laifinsa ba ne. Tsohon jirgin ya yi shekaru yana tafiya yau ya tsaya gobe, kaya sun koma tirela, mu kuma mun fita kasuwa tun asuba ba mu dawo ba sai bayan isha. Sabon jirgin da aka buɗe tsakanin Ikko da Badun a 2021 tasharsa tana can Moniya, kuma titinsa dabam ne da wanda kakanninmu suka hau. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Labarin da muke ba yara da baki ba ya zama, amma abin da yaro ya yanka da hannunsa ya manna ya shafa wa fenti, wannan ba ya mantawa.

Ita wannan sha'awa ba mu muka ƙago ta ba. A ƙasashen Turai da Amurka ta haura shekara ɗari, kuma manya sun fi yara yawa a cikinta. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya nuna jirgin wasa mai tafiya a kan titi gunduwa-gunduwa da ake haɗawa a baje kolin Leipzig a 1891. A Amurka aka kafa Lionel a 1900. A Ingila wani mutumin Liverpool mai suna Frank Hornby ya fitar da nasa mai wani irin na agogo a 1920, kuma har yanzu ana sayar da jirage da sunansa. A garin Hamburg na Jamus wasu tagwaye suka buɗe gidan kallo a 2001, Miniatur Wunderland, inda tsawon ƙananan titunan ya haura kilomita 15, mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. Ba wannan muke nema ba. Namu falanki ɗaya ne a kusurwar ɗaki.

Abu na farko da mai son shiga zai gane shi ne ma'auni, domin nan ake asarar kuɗi. Kowane ƙaramin jirgi an rage shi ne daga na gaske da lissafi. Wanda ya fi yawa a duniya ana ce masa HO, an rage shi sau 87, faɗin titinsa milimita 16 da rabi. Taragon fasinja mai tsawon mita 20 sai ya dawo kamar santimita 23, ɗan fiye da taƙi ɗaya. Ingilishi suna da nasu, OO, an rage sau 76, amma yana hawa titi ɗaya da HO. Akwai ƙarami, N, sau 160, titinsa milimita 9, ya dace da mai ƙaramin ɗaki amma yana wahalar da idon dattijo da hannun yaro. Shawararmu a tsaya a kan HO ko OO kada a yi ta tsalle. Wanda ya sayi kan jirgi na wannan ma'auni da tarago na wancan, ya sayi takalmi ƙafa ɗaya babba ɗaya ƙarami.

Ga wani lissafi da zai ba ku dariya. Daga Ikko zuwa Kano ta tsohon dogo ya haura kilomita 1,100. In za a yi shi duka a ma'aunin HO sai an sami fili mai tsawon wajen kilomita 13. Saboda haka ba wanda ke yin hanyar gaba ɗaya. Wuri ɗaya ake zaɓa. Gida ɗaya ya ɗauki tashar Dugbe yadda take a da, da rumfar kaya da 'yan dako. Wani ya ɗauki gadar Jabba da kogi a ƙarƙashinta. Wanda asalinsu Kano ne ya yi tashar Kano da dalar gyaɗa a gefe, mutanen Zamfara su yi Ƙaura Namoda inda jirgi ya kai a 1929, na Barno su yi Nguru, 1930. A nan ne amfanin abin yake fitowa, domin kafin a zana tasha dole a je a tambayi kaka yadda take. Ina ake sauke shanu? Ina masu tuwo suke zama? Da wane irin kaya ake rufe huhu? Mun ga tsohon da ya yi shekaru ba mai tambayarsa komai, ranar da jikoki suka kewaye shi da takarda da fensir sai da aka kira magariba bai gama ba. Kuma da Hausa aka yi hirar, don waɗannan abubuwa ba su da suna a bakinsa sai da Hausa.

Masu son a yi abu daidai-wa-daida su lura da wannan: tsohon titinmu ƙafa uku da rabi ne faɗinsa, milimita 1,067, sabon kuwa 1,435. Titin HO na kanti kwaikwayon mai faɗin ne. Wanda ya matsa sai ya yi irin namu na da sak, titi mai milimita 12 zai nema, kuma ya fi wuyar samu. Mu dai a ganinmu wannan ba abin da zai hana mutum barci ba ne. Yaro ba ya auna titi.

Sai maganar saye, wadda ita ce sana'armu. Sabon kaya daga waje da tsada yake, ga canjin dala ga kuɗin jigila. Wani lokaci akan tsinci saiti a cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su, ko ɗan'uwa da ke waje ya riƙo. In kun samu, ku duba abu uku kafin ku ba da kuɗi. Na ɗaya, ƙaramar taransifomar da ke ba shi wuta. In daga Amurka ta fito, ta wuta 110 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240, kuna jonawa za ta ƙone. Na biyu, jiragen Märklin na HO yawancinsu tsarin wutarsu dabam ne, suna ɗaukar wuta daga wasu 'yan ƙusoshi a tsakiyar titi, ba sa tafiya a titin sauran kamfanoni. Na uku, ƙarfen titin. Tsohon titi na baƙin ƙarfe ba ya jure laimar Kurmi, damina ɗaya ya yi tsatsa jirgi ya riƙa tsayawa. Ku nemi mai farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuma kada a rufe ciniki sai an jona an ga kan jirgin ya yi gaba ya yi baya. Araha ba ta ado.

Abin da za a saya ɗin ma kaɗan ne: kan jirgi ɗaya, titi zagaye ɗaya, taransifoma. Tunda titin wuta kaɗan yake ci, wajen 12, mai batirin sola a gida yana iya sa mai gyaran rediyo ya haɗa masa, ba sai ya jira a kawo wuta ba. Sauran duk aikin hannu ne, kuma nan muka fi Bature. Wanene a cikinmu bai yi motar kara ba yana yaro, ko ta langa-langa, ko ta gwangwanin madara? Hannun bai manta ba. Falanki mai ƙafa takwas da huɗu daga wurin kafinta ya isa zagaye ɗaya da tasha. Kwalin sabulu ya zama rumfar kaya. Garin katako da aka rina kore ya zama ciyawa, soso ya zama itace, yashi mai laushi da gam ya zama tsakuwar titi. Ɓargon kara ya fi komai kyau wajen yin huhun goro da buhunan gyaɗa. Taragun Turawa kuma a goge rubutunsu a sake musu fenti irin namu. Iyayenmu mata, wannan ɓangaren ku kuka fi mu iyawa, wadda ta iya jeren ɗaki da saƙar hula ba za a koya mata tsara gari a kan falanki ba. 'Yan mata ma a bar su su riƙe almakashi da waya, kada a ce na maza ne.

Akwai tambayar da muka san tana zuciyar wasu, kuma gara a yi ta a fili tunda malamai suna nan. Jirgi da gada da gida da itace ba su da rai, ba mu taɓa jin malamin da ya hana siffanta su ba. Inda magana take shi ne 'yan ƙananan mutane da shanu da ake jerawa a tasha. Mun karanta a Islamiyya cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana tana ƙarama, kuma malamai da yawa sun yi sauƙi a kan kayan wasan yara. Wasu kuma sun tsananta. Mu 'yan kasuwa ne, ba mu ba da fatawa. Kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar tashar ba mutum, ya rufe taragun shanu, jirgi zai tafi yadda yake tafiya.

Sharaɗi biyu kawai muke roƙo. Kada a taɓa kuɗin makaranta ko na cefane saboda tarago, domin tara irin wannan kaya yana da jan rai, wanda ya sayi ɗaya sai ya ji yana son na biyu. A sa masa ƙa'ida, ko tarago ɗaya kowace Sallah, ya zama tukuicin yaron da ya yi ƙoƙari a hadda ko jarrabawa. Sannan a ɗaga falankin sama da inda mai rarrafe zai kai, saboda ƙananan ƙusoshi da tayoyi suna shiga baki. In an gama a rufe da tsohon zane, ƙurar hunturu da ɓera ba su san darajarsa ba.

Wanda ya sami hanyar Ikko ya kai yaransa Ebute Metta, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, akwai wani tsohon gida da ake kira Jaekel House da aka mayar ɗan gidan tarihi, da hotuna da kayan aikin reluwe na da. Su tafi da takarda su zano abin da suka gani.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ga roƙonmu ga ƙungiya. Ba kowane gida ke da wurin falanki ƙafa takwas ba, yawancinmu ɗaki biyu muke haya. In an yarda, kowane gida mai sha'awa ya yi guntu mai tsawon ƙafa huɗu, faɗi ƙafa biyu, titin ya bi ta wuri ɗaya da za a auna wa kowa, a ajiye a ƙarƙashin gado. Ranar taron bayan Babbar Sallah a kawo su nan a jera a haɗe, Iddo a wannan bango, Kano a wancan, yaran kowane gida su tsaya a tasharsu su faɗi sunanta da abin da ake lodi a cikinta, da Hausa. Kan jirgin da taransifoma mu za mu kawo. Masu so su ba sakatare sunansu da tashar da suka zaɓa kafin a watse, don kada gida biyar su taru a kan Kano a bar Offa da Zungeru ba kowa.