Sikeli da Nauyin Jiki: Inda Saɓanin Awo Yake Fitowa

Tun zamanin Daular Usmaniyya mutanen Sakkwato suka san awo amana ne. Akwai muhtasibi, wanda a cikin ayyukansa har da duba mudu da ma'auni a kasuwa, domin kada mai sayarwa ya tauye mai saye. A 1974 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar awo wadda ta ƙarfafa aiki da kilo a madadin laba. Amma akwai wani ma'auni da ya shiga gidaje ba mai binciken gaskiyarsa, watau ɗan sikelin nan da ake hawa don a ga nauyin jiki.

A ce ga mai hawan jini ko ciwon sukari, likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya umarce shi da rage ƙiba. An auna shi a can kilo 90. Ya koma gida sikelinsa ya ce 88, bayan mako guda na mai shagon magani ya ce 91. Nan take zuciyarsa ta karaya, ya ce ƙaurace wa maiƙo da zaƙi bai amfane shi da kome ba, ya koma gidan jiya. Wannan ita ce hasarar, domin lafiyarsa ce ya jingina ga alƙaluman da bai fahimta ba.

Wani sashe na saɓanin daga sikelin yake. Mai allura da sifirin yake aiki, sifirin kuwa yakan saki in ya tsufa, allurar ta kauce wa sifiri. Mai batir ma, in an ɗora shi bisa darduma, ko rairayi, ko daɓen da ya karkace, sai ya ba da lamba dabam da wadda zai bayar bisa siminti.

Amma mafi yawan saɓanin daga jikin yake, kuma ruwa ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. A bazarar Sakkwato, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, mai aiki cikin rana yana iya zubar da lita guda ta gumi a sa'a ɗaya. Mai azumi in ya hau sikeli da la'asar, sa'an nan ya sake hawa bayan ya sha ruwa da kunu ya ci tuwo, lalle zai ga ƙarin kilo ɗaya ko biyu, alhali kitsensa bai motsa ba. Gishirin kilishi da na dunƙulen miya ma sukan riƙe ruwa a jiki. Kitse kuwa ba ya narkewa da gaggawa. Kilo ɗaya nasa ya kai kimanin kalori 7,700, watau wajen abincin kwana uku na namiji baligi, saboda haka ba mai zubar da shi a wuni guda.

Abin da ya dace shi ne a tsaya ga sikeli ɗaya, a wuri ɗaya mai tauri, a hau da asuba bayan an kewaya, kafin a karya, ba da babbar riga ba. A rubuta, a gwada mako da mako har wata guda. In kuwa sikelin ya yi ta nuna raguwa ga wanda bai nemi ramewa ba, to, wannan sai likita, domin tarin fuka da ciwon sukari sukan fara da haka.