Rumfarmu a Intanet: Jawabin Kwamiti a Taron Zagayowar Shekara

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, 'yan uwa mambobi, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana.

Mu ne kwamitin da kuka ɗora wa nauyin duba maganar shafin intanet. 'Yan kasuwa ne mu, kuma yawancinmu da girmanmu muka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, don haka ba za mu cika ku da turanci ba. Tambayar da aka fi yi mana ita ce: muna da WhatsApp, muna da Facebook, duk kyauta, to me zai sa mu taɓa asusu don gina wani shafi? Tambayar tana kan hanya, don kuɗin nan guminku ne. Ga amsarmu.

Kowace mace a nan ta san talla daban, rumfa daban. Mai talla tana bin mutane har inda suke, amma in ta wuce ta wuce. Rumfa kuwa tana nan daram, wanda ya saya jiya ya san inda zai dawo gobe. To, WhatsApp da Facebook talla ne. Kika ɗora hoton man gyaɗa a sitatus, bayan awa 24 ya ɓace. Kika saka farashin yaji a guruf da safe, kafin azahar gaisuwa da sanarwar biki sun binne shi. Baƙon da ya ji labarin turaren wutarmu a Kaduna ko Abuja ba shi da wata ƙofa guda da zai ƙwanƙwasa.

Sannan filin da muke tallar a kai ba namu ba ne. Facebook da WhatsApp da Instagram duk na kamfani ɗaya ne, Meta, can Amurka. Ranar 4 ga Oktoba 2021 su ukun suka ɗauke gaba ɗaya, wajen awa shida, tun daga la'asar har dare. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, masu sana'a ta can suka yi wata bakwai suna lalube. Ba mu ce kafafen nan ba su da amfani ba, ai da su muke ci. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Shawararmu ita ce mu gina rumfa tamu ta kanmu, tallar kuma ta ci gaba, sai dai duk inda ta je ta riƙa nuno hanyar rumfa.

Yanzu ga yadda muka tsara ta. Mun ce wa mai ginin ɗaki huɗu muke so, kada ya ƙara.

Ɗaki na farko, mu su waye: yaushe aka kafa ƙungiya, lambar rajistarmu ta ƙungiyar gama kai, da unguwar da ofishinmu yake. Na biyu, kayanmu: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yaji, daddawa, kuka, turaren wuta, humra, zannuwan gado. Kowanne da hotonsa, da ma'auninsa, kwalba ce ko galan ko kwano, da farashinsa, da ranar da aka sa farashin. Ranar nan kada a raina ta, kun san yadda kasuwa take tashi cikin mako guda. Na uku, ayyukanmu: ajin karatun manya, koyon sana'a, da yadda mace za ta shiga ƙungiya. Na huɗu, yadda za a same mu: lambar waya ɗaya ta ƙungiya, da lambar asusun banki ɗaya tak mai sunan ƙungiya.

Wannan na huɗun shi ne zuciyar aikin. Kun san yadda mazambata suke yi: su kwafi hoton kayan mutum, su buɗe shafin Facebook da suna mai kama da nasa, su karɓi kuɗin jama'a su ɓace, a bar mai suna da jin kunya. In muna da wuri guda da aka rubuta "ga lambarmu, ga asusunmu, duk wanda ba wannan ba ba mu ba ne", mun toshe wannan kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To yaya rumfa za ta haɗu da talla? Ta hanya uku. Ɗaya, a ƙarƙashin kowane kaya za a sa koren maɓalli. Mai saye ya latsa, sai WhatsApp ɗin ƙungiya ya buɗe da saƙo a rubuce, misali "Ina son man gyaɗa galan ɗaya", shi dai turawa kawai zai yi. Ciniki yana nan inda muka saba, da saƙon murya da neman ragi da komai. Biyu, in sabon kaya ya zo, a shafi za a fara sa shi. Daga nan sakatariya ta turo adireshinsa guruf, kowaccenku ta ɗora a sitatus ko Facebook. Zai fito da hoto da suna, kuma farashi ɗaya kowa zai gani, ba wannan ta faɗi kaza waccan ta faɗi kaza ba. Uku, adireshin shafin zai hau kan takardar da muke mannawa a kwalba da leda, tare da hatimin nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wanda ake haskawa da kyamarar waya. Kwalbar da ta tafi Jos ita da kanta za ta dawo mana da mai saye.

Mun kuma gindaya wa mai gini sharuɗɗa, kuma daga rayuwarmu muka ɗebo su. Don waya za a gina shafin, ba don kwamfuta ba, domin da waya masu sayenmu za su shigo. Hotuna su zama marasa nauyi, bidiyo kada ya kunna kansa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba mai yafe wa shafin da ya shanye masa data. Hausa ce a gaba, Turanci a bayanta don baƙi. Rubutu ya zama manya-manya, jimla gajera. Mu da muka yi karatu da girma mun san yadda ƙananan baƙaƙe suke sa mutum ya ajiye takarda. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su fito daidai a cikin shafi, kada ƙuli-ƙuli ya koma akwati-akwati. Amma a adireshin kansa ba za mu sa su ba, don ba kowace waya ke da su a kusa ba. Kuma a kowane ɗaki za a sa saƙon murya, wadda ba ta kai ga karatu ba ta latsa ta saurara.

Sai maganar makulli, iyayenmu a saurara da kyau. Adireshin intanet haya ake yi, duk shekara ake sabuntawa, haka ma wurin da ake ajiye shafin. Adireshin da ke ƙarewa da .ng, wato na Najeriya, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma akwai .org.ng da ya dace da irinmu. In shekara ta zagayo ba a biya ba, shafi ya rufe, daga baya ma wani yana iya kama sunan. Saboda haka dole a yi rajistar da sunan ƙungiya da imel ɗin ƙungiya, ba da sunan mai gini ba, ba kuma da sunan ɗan wata a cikinmu ba, komai kirkinsa. Yaro yana samun aiki ya tafi Legas, yarinya tana aure ta bar gari. Magini ba ya tafiya da makullin gidan da ya gina. Lambobin sirri za su kasance a hannun mutum uku: Shugaba, sakatariya da ma'aji, a rubuta su a ajiye tare da takardun rajista. Shafinmu na Facebook ma masu kula da shi su zama uku. Kuma muna roƙon kowa: lambobi shidan nan da WhatsApp yake turowa ta tes, kada ki ba kowa, ko da ya kira ya ce daga ƙungiya ne. Da su ake sace layi a shiga guruf ana roƙon kuɗi da sunanki.

'Ya'yanmu, ba korar ku muke yi ba fa. Ku ne za ku ɗauki hoto, ku koya mana latsawa, kuma za a yanka muku ɗan abin sayen data. Makulli ne kawai zai zauna wajen iyaye.

Mazajenmu, mun san abin da ke ranku, mu ma shi ke ranmu. Kaya za a nuna, ba fuska ba. Ba hoton mace da zai hau sai da yardarta, ta sa hannu ko ta dangwala. Hoton yara ba zai hau ba. Lambar wayar mamba, adireshin gidanta, abin da ta zuba a adashi, bashin da ta ci, ba ɗaya da zai je intanet. Mutunci ne, kuma doka ce: tun Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan mutane. Haka nan ba za mu rubuta cewa kayanmu yana maganin kaza ba, kuma abincin da muke ƙullawa mu kai nesa za mu bi masa hanyar rajistar NAFDAC.

Kada kuma mu yaudari kanmu. Shafi ba ya sayar da kaya shi kaɗai, kuma ba ya gyara man da ya yi ɗaci. In mai saye ya turo saƙo aka kwana biyu ba amsa, ya tafi ke nan. Rumfar da aka bari da tsohon farashi gara babu ita. In sabis ya ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, shafin ma ba zai buɗu ba. Don haka littafin ma'aji yana nan, taron wata yana nan, kuma ba a sakin kaya don an ga hoton alat, sai ma'aji ta duba asusu ta ga kuɗi sun shiga.

Abin da muke nema a wajenku yau uku ne. Ku amince a sa kuɗin hayar adireshi da wurin ajiya cikin kasafin kowace shekara, kamar kuɗin rumfa. Ma'aji za ta karanto farashin da masu gini suka kawo, ku zaɓa da kanku. Ku ba mu mata biyu da za su riƙa duba farashi duk ranar Asabar, suna amsa saƙonni, a riƙa karɓa-karɓa duk bayan wata uku. Sannan kowace mai sana'a ta kawo samfurin kayanta taro mai zuwa, a tsaftace, a ɗauki hoto da hasken rana.

In shekara ta zagayo, za mu dawo gabanku da lissafi: nawa aka kashe, ciniki nawa ya shigo ta maɓallin nan. In riba ta fito mu ci gaba, in ba ta fito ba ku ke da ikon cewa a rufe.

Hajiya Shugaba, a nan kwamiti ya tsaya.