YINI GUDA TARE DA MARAYU: Jawabin Masu Aikin Sa Kai A Taron Shekara-Shekara Na Ƙungiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda shi kansa a maraici ya tashi.



Bayan haka, shugabanni sun umurce mu, mu 'yan kwamitin kula da marayu, da mu gabatar da bayanin aikinmu. Lissafin buhunan hatsi da turamen atamfa da aka raba da azumi yana hannun ma'aji, kuma zai karanta shi. Mu abin da muka zo da shi daban ne. Muna so mu ba ku labarin yadda yini guda yake wucewa a wurin da muke aiki, domin mun lura da yawanmu sun san marayu ne ranar rabon kayan Sallah kawai, alhali shekara tana da sauran kwanaki, kuma a cikinsu ne yaro yake girma.

Dattawan da ke nan shaida ne cewa a da ƙasar nan ba ta san gidan marayu ba. Idan mutum ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in an gama shawara: wannan baffansa zai riƙe shi, waccan gwaggonta za ta tafi da ita, na goye yana wurin uwarsa har a yaye shi. Sau da yawa yaro yakan yi wayo bai san cewa wanda yake kira Baba ba shi ya haife shi ba. Abin da ya karya wannan tsari kowa ya san shi. Tun daga wajajen 2011 ɓarayin daji suka addabe mu. A watan Yuni na 2013 an wayi gari da kisan mutum 48 a ƙauyen Kizara na ƙasar Tsafe, kuma wannan somin taɓi ne. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019, a ƙarƙashin tsohon Sufeto-Janar na 'Yan Sanda Muhammad Dahiru Abubakar, ya ƙirga mata 4,983 da aka kashe wa maza, da yara 25,050 da aka mayar marayu, daga 2011 zuwa 2019. Bayan wannan ƙidaya ba a daina ba. To, idan rana ɗaya aka binne uba da baffa da kawu, wa zai yi riƙon? Ba zumunci ne ya mutu ba, masu yin sa ne aka kashe, waɗanda suka rage kuma suna gudun hijira.

A gidan da muke taimakawa a cikin Gusau, wanda ke da kwana a cikinmu yakan tashi kafin kiran assalatu. Aikin farko ba ya shiga rahoto, amma za mu faɗe shi: duba shimfiɗa. Akwai yaran da suka kai shekara tara ko goma suna fitsarin kwance, kuma yawancinsu ba su yi haka a gidan iyayensu ba, bayan abin da suka gani ne ya same su. Da farko wasunmu sun yi ta faɗa, har da masu cewa a sa yara su yi musu waƙa kamar yadda ake yi a unguwa. Daga baya muka gane kuskurenmu. Yanzu sai a tashi yaron a hankali kafin 'yan uwansa su farka, ya wanke jikinsa, a fitar da tabarmar ta bayan ɗaki, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Daga nan sai alwala da salla, sai wankan ƙanana, sai layin koko da ƙosai ko ɗumame. Kafin ƙarfe bakwai da rabi an gama neman takalmin da ya ɓata da fensirin da aka sace, an raka 'yan firamare bakin titi.

Hantsi lokacin jarirai ne da marasa lafiya. Da damina zazzaɓin cizon sauro ba ya barin mu hutawa, da sanyi kuma tari da kaushi. Ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata kuwa ba su da lokaci, idan suka kama ɗaya sai sun zagaye ɗaki. Matan da aka ɗauka aikin reno suna iyakar ƙoƙarinsu, kuma muna jinjina musu, amma mace ɗaya ba ta iya goya uku. Jariri kuma ba madara kaɗai yake bukata ba, yana bukatar a ɗauke shi, a kalli idonsa, a yi masa magana. Mun ga wanda ya daina kuka gaba ɗaya, baƙi suna yaba masa wai yana da haƙuri. Ba haƙuri ba ne, ya gaji ne da kiran da ba a amsawa.

Da azahar a ci abinci, da la'asar a tafi Islamiyya, masu kitso su zauna da 'yan mata a gindin bishiya. A wajen kitson nan ne muke jin abin da ba a faɗa wa jami'i mai riƙe da takarda. Yarinya tana duƙe, ba ta kallon fuskar kowa, sai ta fara ba da labarin daren da aka shigo garinsu. Ba mu katse ta, ba mu kuma tambayar abin da ba ta faɗa ba. Akwai wadda muka daɗe muna samun tuwo a ƙarƙashin shimfiɗarta. Ba mu hana ta ba, sai muka ba ta ɗan kwano mai murfi muka ce nata ne. Da ta tabbata gobe ma akwai abinci, da kanta ta daina.

Dare shi ne mai wuya. Ƙarar babur a bayan katanga, wadda ɗan birni ba ya ko jin ta, takan tashi ɗaki guda. Sai a kunna fitila, a zauna, a ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya dawo. Kuma duk wanda zai tafi gida a cikinmu, tambaya ɗaya ce take raka shi bakin ƙofa: “Inna, gobe kina komowa?” Wannan tambaya ita ce dalilin tsayuwarmu a gabanku yau.

A nan ya wajaba mu ambaci wata abokiyar aikinmu, ma'aikaciyar jinya, Kirista, haifaffiyar Sabon Garin Gusau. Ita take riƙe mana gidan ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci, ranar Lahadi kuma daga coci nan take wucewa. Ba za mu ɓoye muku ba, da ta fara zuwa an yi ƙananan maganganu, har a cikinmu. Sai muka zauna muka yi ƙa'ida a fili, cewa kowane yaro yana kan addinin iyayensa, kuma ba mai taɓa wannan amana. Ita ta fara amincewa. Yau idan aka kira salla ita take kora yara wajen buta, ta kuma fi wasunmu sanin wanda ya yi lattin Islamiyya. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tun 1956 wasu mata 'yan ɗariƙar Dominikan suka taso daga jihar Kansas ta Amurka suka zauna a Gusau suna ba da magani da karɓar haihuwa, kuma 'yan Nijeriya da suka gaje su har yanzu da sunan Gusau ake kiran ƙungiyarsu.

Ita ce kuma ta kawo mana labarin wani gidan marayu a ƙasar Meziko, wanda muka ɗauki darasi daga gare shi. A 1954, a garin Cuernavaca, an kama wani yaro ya saci kuɗi a akwatin sadaka na coci. Limamin cocin, Fada William Wasson, mutumin Amurka, ya ƙi yarda a ɗaure shi, ya roƙi alƙali ya ba shi riƙonsa. Cikin mako guda alƙalin ya ƙara masa yara takwas. Daga nan gidan ya faro, har ya yi rassa a ƙasashe tara. Abu biyu ne suka ja hankalinmu a tsarinsu. Ba su raba 'yan uwa, wa da ƙane tare ake karɓar su. Sannan mai son zuwa aikin sa kai, ko daga wace ƙasa ya fito, sai ya ɗauki alkawarin zama aƙalla shekara guda.

Mun san hikimar wannan sharaɗi domin mun ɗanɗana rashinsa. Wani matashi mai kirki ya taɓa zuwa mana da zafinsa, yara suka shaƙu da shi, wani yaro har ya fara kiran sa Yaya. Bayan mako uku ya sami abin yi ya daina zuwa, ko sallama babu. Yaron nan ya yi kwanaki yana zama a bakin ƙofa, daga baya ya daina kula kowa. Wanda ya riga ya rasa uba, bai kamata mu koya masa rashi karo na biyu ba. Haka nan mun daina jera yara da leda a hannu ana ɗaukar su hoto, mun kuma daina kiran su marayu a gabansu. Kowa yana da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Sai dai gidan Gusau ɗan kaɗan ne daga cikin lamarin. Mafi yawan marayunmu suna hannun iyayensu mata da kakanni, a ɗakunan haya da kangaye a Tsafe da Bungudu da gefen Gusau. Can aikinmu ziyara ce. Mukan bi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, ko hanyar Sakkwato zuwa Bungudu, da hantsi, mu juyo kafin la'asar saboda halin hanya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana taimakawa da abinci da sutura, Allah Ya saka mata. Amma hukuma ba ta zuwa taron iyaye da malamai, ba ta duba takardar sakamakon jarrabawa, ba ta lura cewa yarinya ta bar aji ta koma tallar awara. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, gidajen da muka saba takawa ne kaɗai muka san halin da suke ciki. Waɗanda muke gaisawa da su ta waya sai da aka kwana biyu muka ji labarinsu, wani labarin kuma ba mai daɗi ba. A lokacin muka tabbatar zumunci a ƙafa yake.

Saboda haka roƙonmu ga wannan taro ba na kuɗi ba ne, ko da yake ba mu ƙi ba. Muna neman mutane: malamin makaranta da zai zauna da yara su yi aikin gida, tela ko kafinta da zai karɓi yaro ɗaya a shagonsa, uwa mai iya kitso, dattijon da zai amsa sunan uba ranar da makaranta ta kira. Rabin yini a mako ya isa, amma na shekara guda cur, ba fashi sai da sanarwa. Wanda ya san ba zai iya cikawa ba, don Allah ya ba da gudummawarsa ga ma'aji, ladansa yana nan. Wanda zai iya, akwai takarda uku a kan tebur a bakin ƙofa, ta Gusau da ta Tsafe da ta Bungudu, ya rubuta sunansa da unguwarsa da ranar da ta fi masa sauƙi. Za mu zauna da su gobe bayan sallar la'asar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya abin da suka bari, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.