Tafkin da Ake Ƙirga Kifinsa



A arewacin jihar Wiskonsin ta Amurka akwai ƙaramin tafki, Eskanaba, mai kifin wolayi, wanda idonsa ke ƙyalli, yake farauta da dare. Tun 1946, duk mai kamun kifi sai ya karɓi takardar izini kafin ya jefa ƙugiya. In ya fito, a ƙirga abin da ya kama, a auna, a rubuta. Shekara 57 ba a ƙayyade adadi ba. A 2003 aka gwada sabuwar doka: wolayi ɗaya a rana, mai tsawon inci 28 zuwa sama. Da yake akwai lissafin baya, masana suka iya auna abin da dokar ta yi wa yawan kifin.

Jama'a, dukiyar da ba a ƙirgawa, sai ta ƙare ake sani.