Kufan sojan sama ba shara ba ne

Masu sauraro, daga Koira Kano a nan Yamai, bari mu leƙa dutsen Wasserkuppe na ƙasar Jamus. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamusawa rundunar sojan sama, sai matasansu suka koma wa jirgi marar inji, wanda iska kaɗai ke ɗauka. A 1920 aka fara gasarsa a kan dutsen. Da Hitila ya hau mulki a 1933, wasan ya rikiɗe ya zama horon matuƙan yaƙi. Yau akwai gidan tarihin waɗannan jirage a wurin, ga kuma kubbar na'urar hangen jirage ta zamanin yaƙin cacar baka, ba a rushe ta ba.

Wani zai ce adana irin wannan wuri girmama azzalumai ne. Ai ko kusa. Wurin da aka adana shi ne shaidar yadda aka ja yara zuwa yaƙi da sunan wasa. Mu ma muna da namu: barikin Madama na zamanin Faransa, da abin da sojojinta suka bari a sansanin sojan sama na 101 na nan Yamai lokacin da suka fice a Disamban 2023. Hukumomi, a ɗauki hotunansu, a rubuta tarihinsu tun shaidu na raye.