Harsashi Ba Ya Gyara Karatu



A watan Disamba na 1980 jini ya kwarara a birnin Kano. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya daɗe a unguwar 'Yan Awaki yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke, yana fassara Alƙur'ani yadda ya ga dama, ya yi watsi da Hadisi. Hukuma ta san shi sarai, gama an taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya komo. Duk da haka aka zuba masa ido har ya tara gardawa masu yawa, waɗanda birni bai ba su komai ba sai yunwa da wulaƙanci. Da wuta ta kama 'yan sanda suka kāsa, sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo soja. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙididdige rayuka 4,177.

Marwa ya mutu, amma karatunsa bai bi shi kabari ba. Ya sake ɓullowa a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. A 2009 kuma aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da shari'a ba, mun kuwa ga abin da ya biyo baya.

To, magabata ba haka suka yi ba. Sa'ad da Hawarijawa suka riƙe zahirin aya suka kafirta Musulmi, Sayyadina Ali ya tura musu Abdullahi ɗan Abbas ya ja da su da hujja, da yawansu suka dawo hanya. Bai yaƙe su a Naharawan ba sai bayan sun zubar da jini.

Saboda haka abu uku muke nema. Kada Gwamnati ta ɗauki wata ƙungiyar addini 'yar lele don neman ƙuri'a. Wanda ya yi wa'azin kisa a kai shi gaban alƙali tun da wuri, kada a harbe shi a ɓoye. Malaman da suka san nahawu da usulu kuma su fito su amsa shubuha a gaban jama'a.

Mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin da rahoton irin wannan mai wa'azi zai iso. Kada mu jefa shi cikin durowa. Allah ya sa mu gane. Wassalam.